Jirgin Helmer a Wuyan Tukunya

Shekara hamsin da ɗaya Helmer Nygrund da matarsa Tyra suka yi suna gardama a kan magana guda, kuma duk tsibirinmu babu wanda bai haddace ta ba. Shi ya ce teku ce take janyewa. Ita ta ce ƙasa ce take tashi. Malamin makaranta ya goyi bayanta, masu awon ƙasa da suka zo daga birnin Vasa da dogayen sandunansu sun goyi bayanta, har fasto ya taɓa sa baki a wajen wani biki. Helmer ya ce duk cikinsu babu wanda ya taɓa jan taru da hannunsa.

"Ni da nake tsaye a kanta, in tana tashi ai da na ji a ƙafata," in ji shi.

"Kai da ba ka jin kiran abinci sai an yi uku?" in ji Tyra. "Ƙafar taka ce za ta fi kunnen?"

Gidansu yana bakin wani ɗan lungun ruwa da muke kira Tukunya, don zagayayye ne, kuma hanyar fita daga cikinsa zuwa babban ruwan Botniya ɗaya ce tak, siririya, ita ce Wuya. A zuriyarsu, ranar da namiji ya karɓi sana'ar kamun kifi daga hannun ubansa, sai ya kafa zoben ƙarfe a jikin dutse daidai bakin ruwa, nan zai riƙa ɗaure jirginsa har ya tsufa. Zoben kakan Helmer yanzu yana can cikin bishiyoyi, taku saba'in daga ruwa, a jikinsa Tyra take ɗaure tunkiya. Na ubansa yana tsakiyar ciyawa, shi ta ɗaura wa igiyar shanya. Na Helmer ne kaɗai ya rage yana ganin ruwa, shi ma sai da aka ƙara wa igiyar tsawo sau biyu.

Yana da shekara goma sha huɗu ya fara bin ubansa. A lokacin, da zarar ƙanƙarar da ta rufe teku ta farfashe a watan Mayu, sai ɗan kifin nan mai farin ciki da muke kira strömming ya shigo ya cika bakin tsibirai, har ruwa ya riƙa walƙiya. Su fita da asuba, su dawo jirgi ya nutse har baki, mata na jira da gishiri da ganguna. Karnukan ruwa kuwa, ɓarayin banza, suna kwance a kan duwatsu suna kallo da idanunsu na marayu, ka juya baya su yaga maka taru. Helmer ya zage su shekara sittin, amma shekarun da suka yi ƙaranci ya fi kowa tambayar ina suka shiga. Ruwanmu ba shi da gishirin kirki, ko na miya bai kai ba, kuma ubansa yakan dafa gahawa da shi in na sha ya ƙare. Har ya tsufa Helmer yana cewa bai sake shan gahawa mai daɗin wannan ba, Tyra kuwa ta ce yunwa ce da ƙuruciya.

Ita 'yar manoma ce daga can cikin ƙasa, ranar da aka kawo ta ba ta san kan kifi da jelarsa ba. Cikin shekara biyu ta fi uwar mijinta saurin fiɗa. A hunturun aurensu ya sassaƙa jirginsa da hannunsa, ya so ya sa masa sunanta, ta hana.

"Don a riƙa cewa Tyra ta yi nauyi, Tyra tana yoyo, Tyra tana son a kankare mata gindi? Ka nemi wata."

Haka jirgin ya zauna ba suna, kowa na ce masa jirgin Helmer.

Tekunmu iska ce take juya ta. In ta kudu ta kaɗa kwana biyu uku, sai ta turo ruwa ya hau. In ta arewa ta zo, sai ta kwashe shi. A bakin Wuya akwai wani dutse mai kama da fuskar mutum, Tsohuwa muke ce masa. Uban Helmer ya bar masa ƙa'ida guda: in ruwa ya taɓa haɓar Tsohuwa, jirgi zai wuce, in bai taɓa ba, koma gida ka gyara taru. Yana yaro, kusan kullum haɓar a jiƙe take. Da ya yi aure sai ta koma bushewa sau ɗaya sau biyu a mako. Ya kai sittin, sai ya zamana ranakun jiƙewar ake ƙirgawa. Maƙwabta suka kwashe jiragensu ɗaya bayan ɗaya suka koma sabuwar tashar da aka gina da siminti a bayan tsibiri. Helmer ya ce shi ba inda za shi, ruwan da ya tafi zai dawo. Gaskiyar magana, ya san in ya tashi, ya ba Tyra gaskiya ke nan, kuma da ya yi haka gara ya tura jirgin da kafaɗa.

Sai Tyra ta kwanta. Shekara biyu yana jinyarta, bai ko kunna inji ba. Ta rasu a watan Fabrairu, lokacin da teku ta daskare har ana tafiya da ƙafa a kanta, aka binne ta a maƙabartar coci da ke kan hanyar sabuwar tasha. Shekarar da ta biyo baya ma bai fita ba. Yakan zauna a ɗakin girki ya ce, "Ruwa ya ƙara janyewa bana," ya yi shiru yana jira, babu mai ce masa ƙarya yake. Wannan shirun ya fi komai cin ransa.

A shekara ta huɗu, yana da saba'in da takwas, ya tashi da niyya. Jirgin ya gaji da zama cikin ruwan da ba ya motsi, katakon ƙasansa ya fara laushi, dogayen ciyayi sun kewaye shi, kifin tabki ya maye gurbin na teku a cikin Tukunya. In bai fita kafin ƙanƙarar bana ba, ba zai sake fita ba. Helmer kuwa so yake jirgin ya fita da cikinsa a kan ruwa, ta hanyar da ya saba, ya kai shi ko sau ɗaya ne bakin tsibiran da suka yi ƙuruciyarsu shi da Tyra.

Edvin, maƙwabcinsa tun suna 'yan makaranta, yana da tarakta da amalanken ɗaukar jirgi.

"Kai tsoho, minti arba'in na kai maka shi tasha. Me kake jira?"

"Jirgi ne, ba buhun dankali ba. Jirgina ba ya hawa taya."

"To zauna nan. Nan da shekara goma sai mu shuka maka albasa a ciki."

"Kai dai da ka sayar da naka ka sayi abin yankan ciyawa, rufe mana baki."

'Yar Helmer, Gunvor, ma'aikaciyar jinya ce a Vasa, ita ma ta ba hamsin baya, ta ɗauki hutu ta zo a watan Oktoba. Kullum da safe ya ɗauki sandarsa ya tafi duba Tsohuwa, in ya dawo sai ta tura masa gahawa da burodi. Ranar sha tara ga wata, iskar kudu ta taso. Ta kwana uku tana kaɗawa, ta karya reshe, ta tsinke igiyar shanyar Tyra da har yanzu ba wanda ya kwance. Rana ta huɗu da hantsi Helmer ya shigo da sauri, hularsa a hannu.

"Ta sha ruwa! Gunvor, sa takalminki, Tsohuwa ta sha ruwa!"

Injin ya yi tari sau uku ya kama. Helmer ya kwance igiya daga zobensa, ya zauna a baya ya riƙe sandar tuƙi, Gunvor a gaba da gorar tura jirgi. Edvin yana tsaye a kan dutse yana ihu, "In ka nutse ka bar min agogonka!" Helmer bai ko dube shi ba. Fuskarsa ta koma ta ɗan shekara talatin, yana ratsa ciyayi, hancin jirgi na kallon Wuya, can gaba kuma ga babban ruwa yana fari da kumfa.

Sun ci rabin Wuya sai jirgin ya yi wani nishi ya tsaya. Ya ƙara wuta, laka ta taso baƙa ƙirin a bayansu. Gunvor ta dafa gora da iya ƙarfinta, ko motsi.

"Baba, kashe injin, za ka ƙona shi."

"Haɓar a jiƙe take! Da idona na gani!"

Kuma bai yi ƙarya ba. Ƙa'idar ubansa dutse ta sani, ba ta san laka ba. Shekara da shekaru gindin jirginsa ne yake share Wuya safe da yamma ba tare da ya lura ba, da ya daina wucewa shekara huɗu, laka da saiwar ciyawa suka samu wurin zama. Suna cikin haka iskar ta faɗi. Duk wanda aka haifa a nan ya san abin da ke biyo baya: kafin la'asar ta arewa za ta zo ta kwashe ruwan.

Helmer ya kashe inji. Ya ce bari ya sauka ya tura. Daidai wannan wurin ne ubansa ya jefa shi cikin ruwa yana ɗan shekara takwas don ya koyi iyo, ya yi ta miƙa ƙafa yana neman ƙasa bai samu ba. Jikinsa bai manta ba. Ya kama bakin jirgi da hannu biyu, ya cije, ya zura ƙafa yana shirin nutsewa har ƙirji. Tun bai gama miƙe ta ba ƙasa ta tare shi, ta bugi tafin takalminsa har ya ji a ƙugu. Ruwan ko gwiwarsa bai rufe ba.

Ya daɗe a tsaye a wurin, yana kallon ƙafarsa.

"Baba? Ka ji ciwo ne?"

"A'a." Ya goge hanci da bayan hannu. "Je ki ce wa wancan mai yankan ciyawar ya kawo taraktarsa."

Sai da rana ta karkata suka jawo jirgin baya suka ɗora shi a amalanke. Helmer ya ƙi sauka, ya zauna a mazauninsa da sandar tuƙi a hannu. Edvin ya ja a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Suka wuce zoben Helmer, suka wuce na ubansa da guntun igiyar shanya a jiki, suka wuce na kakansa cikin bishiyoyi, jirgi na tafiya a kan ciyawar da jiragen gidansu suka taɓa yawo a samanta. Mutane suka fito ƙofar gida, babu wanda ya yi dariya.

Da suka zo katangar maƙabarta, Helmer ya buga gefen jirgi da tafin hannu. Edvin ya tsaya ya kashe inji. Daga saman amalanken ana hango kabarin Tyra sarai, layi na uku kusa da katanga. Helmer ya cire hula.

"To, kin ci," ya ce. "Ƙasa ce. Na ji ta a ƙafata."

Gunvor ta juya baya tana neman hankici a aljihu. Shi kuwa ya ci gaba da kallon wurin, kamar yana jira a ce masa ai dama an gaya maka.

"Ashe duk shekara ƙasa tana ɗago min ke kaɗan-kaɗan," ya ce. Ya mayar da hularsa, ya kama sandar tuƙi. "Edvin, mu je, kafin ruwan can ma ya ƙare."