Abin da Ƙanwata Ta Gani a Kan Baba

A shekarar da sojoji ke shirin miƙa mulki ga farar hula ciwon kai ya kwantar da Baba. Ni ce babbar 'yarsa, a Gazawa nake aure kusa da gida, don haka jinya a kaina ta faɗa. Ni ke dama masa kunu, ni ke riƙe shi idan jiri ya ɗebe shi.

Daga Maradi aka tura mu Yamai. Hoto ya nuna mugun ƙari a ƙwaƙwalwa, aka ce sai ƙasar waje. Baffanmu mai fatauci ya ɗauki nauyin tafiyar, amma ya ce ƙanwata za ta raka Baba, tunda ita ta yi lakol, wato boko, tana jin Faransanci. Na haɗa wa Baba kaya da hannuna.

Da suka dawo gida ya cika da masu barka. Kowa ƙanwata yake tambaya. Ta ce kafin aiki an ba Baba wani magani ya sha. Da aka buɗe kan aka haska shuɗiyar fitila, sai ƙarin ya yi ja kamar garwashi, lafiyayyen nama kuwa ya zauna shuɗi, likita ya dinga bin jan yana cirewa. Har hoton ya nuna mata bayan an gama. Kullum sai ta maimaita labarin, mata na riƙe baki, ni ina madafa ina tuƙa musu tuwo.

Wata rana ina shafa wa Baba mai a gefen ɗinkin, na tambaye shi ko ya ji tsoro a can.

"Ina fa," in ji shi. "Ga 'yar'uwarki a gefena."

Na ci gaba da shafawa.

Bayan zaɓe ƙanwata ta koma Maradi wurin aikinta. Ƙarin ya sake tasowa, dama likita ya ce zai iya dawowa, amma Baba ya samu ya ga damina ta zagayo, har Gangara ya je a amalanke duba gonarsa. A hannuna ya cika. Ranar sadakar uku ma masu gaisuwa suka kewaye ƙanwata, wai ta sake ba su labarin fitilar nan. Na ɗauki tulu na tafi famfo.