Mikail Ba'ana da Sunan da Uwa Ba Ta Faɗa

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Mikail Ba'ana a shekarar 1981 a unguwar Abbaganaram da ke birnin Maiduguri. Mahaifinsa shi ne Ba'ana Gana, mai wankin hula, mahaifiyarsa kuwa Ya Kaltum, 'yar asalin Bama. Shi ne na biyu a ɗakinsu, yana bin ɗan fari Modu, wanda ya ba shi shekara huɗu.

Ya yi karatun allo a Mafoni, aka sa shi firamare a 1987, ya zarce har Jami'ar Maiduguri, inda ya kammala ilimin na'ura mai ƙwaƙwalwa a 2005. Modu kuwa tun yana ɗan shekara goma sha biyar ya ajiye boko ya kama facin taya, domin ƙanen ya samu ya wuce. Yaran yanzu su riƙe wannan.

Aiki da Aure

Daga 2007 ya zauna a wani shago a Jiddari Polo yana tsara wa 'yan kasuwa da makarantu manhajoji. A 2009, shekarar da fitina ta fara a garin, ya auri Siddiƙa. A 2013 aka yanke layukan waya na tsawon watanni, aikinsa ya tsaya cak, mahaifinsa kuma ya rasu a daminar wannan shekara.

Ɓatan Modu

A watan Satumba na 2014 Bama ta faɗa hannun 'yan tada ƙayar baya, alhali Modu yana can da sana'arsa. Waɗanda suka tsira sun iso Maiduguri a ƙafa, ba shi a cikinsu. Mikail ya kai mahaifiyarsa wurin wata ƙungiyar agaji mai rubuta sunayen ɓatattu. Na'urarsu ba ta wuce tambayar farko sai an cika ta, tambayar kuwa ita ce sunan wanda ya ɓace. Ya Kaltum, wadda kunyar ɗan fari ba ta taɓa barinta ta ambaci sunansa ba, ta ce wa ma'aikacin: "Wancan ɗin nake nema." Sau uku yana maimaita tambayar. Mikail ne ya faɗi sunan, amma a layin ya ƙirga mata goma sha ɗaya da suka juya gida ba a rubuta musu kowa ba, don ba su zo da mai faɗin sunan a madadinsu ba.

Manhajar Cigiya

A 2015 ya haɗa kai da Salomi Dzarma, malamar lissafi daga kudancin Borno wadda ita ma take neman ƙanenta, suka tsara manhajar da suka kira Cigiya. Ƙa'idarsa ita ce ba a fafe gora ranar tafiya: a san buƙatar mutum tun bai buɗe baki ba. Manhajar tana magana da murya, da Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa, saboda wanda bai iya karatu ba. Ba ta farawa da suna. Tana tambayar mene ne tsakaninka da wanda ya ɓace, idan mace ta ce miji ne ko ɗan fari, sai ta tsallake sunan ta nemi garinsu, da sana'arsa, da tabon jikinsa, da sunan wanda aka yi wa takwara. Ta san Modu da Mamman da Muhammadu mutum ɗaya ne, haka Fanna da Falmata. Maimakon ranar haihuwa, takan ce: kafin ambaliyar 1994 ko bayanta? In babu layi, takan ajiye maganar har layi ya dawo.

Ya yi kuskure ɗaya babba. Da farko manhajar kan aika wa kowa saƙo duk Juma'a cewa ba a samu labari ba tukuna, a zatonsa hakan kulawa ce. Sai da ya ga mahaifiyarsa ta tura wayarta cikin tukunya ta rufe ya gane. Labarin zuciya a tambayi fuska. A 2016 ya cire saƙon, ya ce wa Salomi: "Wanda yake jira ya san yana jira, kada mu tuna masa."

Shekarun Ƙarshe

Shekara shida suka yi suna zagaya sansanonin gudun hijira. Iyalai masu yawa sun haɗu, har da ƙanen Salomi, wanda aka gano a 2018. Na Modu shiru. Mikail ya rubuta shi da suna biyar, da facin taya, da tabon ƙuna a hannun hagu, yana dubawa kowace safiya, har ya daina gaya wa kowa cewa yana dubawa. A 2020 ciwon ƙoda ya kama shi. A 2021, da garin ya shiga rashin wutar lantarki, ya ci gaba da aikin daga kwance, da ɗan faifan sola a kan rufi.

Rasuwa

Allah ya karɓi ransa ranar Talata, 9 ga Nuwamba, 2021, yana da shekara arba'in. An yi masa salla a Abbaganaram bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar Gwange.

Ya bar matarsa Siddiƙa da 'ya'ya huɗu: Mu'mina, Gana, Fanna da Aisa. Ya bar mahaifiyarsa Ya Kaltum. Ya kuma bar yayansa Modu, wanda manhajar ta gano wata uku bayan jana'iza, a ƙasar Nijar, inda aka rubuta shi Mamman Mai Faci, da tabo a hannun hagu. Salomi ce ta kawo labarin gida. Da tsohuwar ta ji, sai ta ce: "A gaya wa wancan ɗin ya zo ya yi wa ƙanensa addu'a."

Allah ya jiƙan Mikail, ya ba masu jira haƙuri.