Robar da Aka Dirje da Toka

A gidan da muka tashi, abin da aka dirje da toka har ya daina santsi shi ne mai tsabta. Yanzu akwai kayan asibitin da toka ke lalatawa.

Da fitsari ya fara tsaye wa yayana, likita ya ce sai an riƙa sa masa robar fitsari. Ɗansa ya aiko da wasu daga waje, irin waɗanda na gani a asibitocin Masar da Jamus lokacin da nake aikin tafinta. An shafe su da wani haɗin roba da garin azurfa wanda ido ba ya gani, don kada ƙwayoyin cuta su liƙe.

Wata safiya na je gidansa a Fadaman Mada, na tarar da matarsa ta fasa leda ta ciro sabuwar roba tana dirzar ta da toka.

"Hajiya, me kike yi haka?"

"Taɓa ka ji yauƙi! Duk yawon duniyarka ba ka san datti ba?"

Yauƙin nan shi ne kariyar. Na ce, "Wadda ke jikinsa fa?"

Ta ce, "Ita ma sai da na wanke ta fes kafin mai allurar unguwa ya sa masa."

Daga ɗaki na jiyo haƙoran yayana suna kaɗawa don zazzaɓi. Kafin mu kai shi asibiti cutar ta haura ƙoda. Ƙodarsa ba ta sake aiki ba, da injin wankin ƙoda yake rayuwa yanzu.