Maƙalata da leburorin majemar Challawa

A lokacin ina ƙaramar malama a jami'a, ban daɗe da gama digiri na biyu ba. A wurinmu ba a ƙara wa mutum girma sai ya nuna maƙalolin da mujallun ilimi suka buga masa. Abokan aikina da yawa a aji suke raba wa ɗalibai tambayoyi, kafin hutu ya ƙare sun haɗa maƙala. Ni kuwa na ɗauko abin da ya daɗe yana damuna. A Dorayi na tashi, kuma a layinmu akwai masu aiki a kamfanonin jima na Challawa. Tun ina yarinya nake ganin hannuwansu idan sun zo gaishe da mahaifina, fata ta tsattsage, farce ya zagwanye. Na ce zan yi rubutu a kan abin da sinadaran jima ke yi wa jikin leburori.

Na san ba kamfanin da zai buɗe mini ƙofa. Kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a ya yarda in yi hira da ma'aikata a waje, bisa sharaɗin in ɓoye sunayensu. Sai na riƙa zama a rumfar wata mai abinci da ke kallon get, wato ƙofar shiga wani kamfani, daidai lokacin da masu aikin safe ke tashi. Warin kwatar da ke bayan rumfar yakan bi ni har gida, sai na wanke mayafina. Da farko ba wanda ya kula ni, sun ɗauka daga hukuma nake.

Wanda ya fara yi mini magana wani dattijo ne mutumin Damagaram, ya daɗe yana aiki a ramukan da ake jiƙa fata. Da cokali yake cin tuwo, don miya tana shiga tsagar yatsunsa ta yi masa raɗaɗi. Ya ce safar hannu ranar da baƙi za su zo ake raba musu, in baƙin sun tafi a karɓe. Yana magana yana tari. Da ya gama ya dube ni ya ce, "Malama, ina da iyali a can gida. Maganar nan ba za ta shiga get ɗin can ba ko?"

Na ce, "Baba, ba sunanku, ba sunan kamfani. Ba wanda zai san ku ne."

Shi ya riƙa jawo mini sauran, 'yan Jigawa da 'yan garinsu. In wani ya yi ɗari-ɗari sai ya ce masa, "Faɗa mata, 'yar malamai ce, ta yi alkawari."

Da na gama rubutu na kai maƙalar wata mujalla da ake girmamawa a fanninmu. Editan babban malami ne, mai fara'a, ya zaunar da ni ya karanta mini ƙa'idojinsu. Za a cire sunana a tura wa masana su duba. Ba zan san su ba, ba za su san ni ba. Mai dubawa ba shi da izinin nuna wa kowa abin da aka ba shi, kuma in yana da wata alaƙa da abin da aka rubuta a kai, dole ya faɗa ya janye. Na fito ina jin daɗi, na ga abu ne mai tsari.

Bayan watanni amsa ta dawo. Ɗaya daga masu dubawar gyaran Turanci kawai ya yi mini. Ɗayan kuwa ya ce wannan ba bincike ba ne, hirar rumfar mai abinci ce. Ya ce ba zai yarda mutanen nan suna nan a duniya ba sai na faɗi sashen da kowannensu ke aiki, da daɗewarsa a wurin, da inda ya fito, in kuma saka hotunan hannuwan da nake magana a kai.

Na koma wurin editan na ce ina tsoro, bayanin ya yi yawa. Ya yi murmushi ya ce, "Ke sabuwa ce. Wannan duk a cikin sirri yake, daga ni sai mai dubawar. In an zo bugawa za mu rage abin da ya kamata a rage. Amma in ba ki gamsar da shi ba, sai dai ki janye."

Na yi yadda aka ce, na haɗa da hotunan hannuwan da na ɗauka lokacin hira, na mayar da maƙalar.

Ina ofis wata Laraba da hantsi mai abincin nan ta kira ni a waya. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba. Ta ce, "Ki zo ki ga abin da kika yi."

Na tarar da rumfar ba kowa sai ita tana wanke kwanuka. Ta ce an kira leburorin ofishin manaja ɗaya bayan ɗaya. Yana zaune da takardu a gabansa, yana karanto wa kowa maganar da ya yi, yana fassara masa da Hausa. Da aka zo kan dattijon sai ya sa shi ya ɗora hannuwansa a kan tebur kusa da hoton, ya kira mutanen ofis su zo su gwada su gani. Duk wanda ya yi hira da ni an sallame shi, ba sanarwa, ba kuɗin sallama na kirki, don dama ba su da takardar ɗaukar aiki. Ta ce ita ma an aiko mata cewa in aka sake ganina a rumfarta za a tashe ta daga wurin. Ta juya mini baya ta ci gaba da wanke-wankenta.

Na tsallaka titi na ce da maigadi manaja nake son gani. Na ɗauka za a kore ni, sai ga shi an shigar da ni har ofis mai sanyin na'ura. Manajan ya sa aka kawo mini lemo. Ya ce, "Malama, ashe ke ce. Ai kin iya rubutu. Farfesanku ya ce da ganin salon ya san 'yar sashensu ce."

Na ce, "Wane Farfesa?"

Ya ce, "Mai ba mu shawara kan harkar muhalli mana. Shi ke rubuta mana rahoton da muke kai wa hukuma. Mutumin kirki, bai so a ɓata mana suna a banza."

Na san shi sarai. Ofishinsa yana ƙarshen barandarmu, shi ya koyar da mu darasin ɗa'ar bincike a digiri na biyu. Ban taɓa lemon ba. Da zan fita manajan ya ce in ina son yin bincike na gaskiya in zo ta ƙofar gaba, za su zaɓo mini ma'aikatan da zan yi hira da su.

Washegari na shiga wurin editan na faɗa masa duka. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Kina da shaida?"

Na ce manajan ne ya faɗa da bakinsa.

"Zai maimaita a gaban kwamiti?"

Na ce to ya faɗa mini kawai, Farfesan ne mai dubawar ko ba shi ba ne. Ya gyara zama ya ce, "Ƙa'ida ta hana ni bayyana sunan mai dubawa. Kin san da haka tun ranar farko, ni na karanta miki."

Ba a daɗe ba aka aiko mini da hukuncin mujallar. An ƙi maƙalar, kuma dalilin da aka bayar shi ne na saɓa ƙa'idar kare waɗanda aka yi bincike a kansu, na saka bayanan da za a iya gane su da su, har abin ya jawo musu asarar aiki. An tura kwafe ga kwamitin ɗa'a na jami'a.

Ranar zaman kwamitin, Farfesan yana cikin waɗanda ke zaune, da farar babbar riga, yana jan carbi. Na ce mai dubawa ne ya nemi bayanan, na nuna inda ya rubuta. Shugaban zaman ya ce mai dubawa shawara yake bayarwa, alhakin abin da aka rubuta yana wuyan mai maƙala. Na buɗe baki zan ambaci kamfanin, sai wata babbar malama da ke gefena ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Farfesan ne ya yi magana ta ƙarshe. Ya roƙi a yi mini sassauci, ya ce yarinya ce, ɗalibarsa ce, zumuɗi ne ya ɗebe ta. Ya ce abin da ya fi ba shi tausayi shi ne bayin Allahn nan da suka rasa abincinsu. Aka ba ni gargaɗi a rubuce, aka hana ni yin bincike a kan mutane sai da mai sa ido. Da muka fito malamar da ta taka ni ta ce in je in yi masa godiya, don shi zai duba takardun ƙarin girmana. Na je. Na durƙusa a ofishinsa na ce na gode, ya ce ba komai, Allah ya kiyaye gaba.

Na nemi mutanen. Wasu sun koma ƙauye. Wani ya gan ni a Sharaɗa ya sauya hanya. Wani ya ce sunayensu sun zaga kamfanonin jima, ko a Bompai ba a ɗaukar su. Dattijon kuwa sai da damina ta wuce na samu labarin yana dako a Dakata.

Na same shi a bakin wani sito, ana sauke buhunan taki daga tirela. Ya rame, ya naɗe hannuwansa da tsumma. Ya gane ni tun daga nesa, bai gudu ba, bai kuma ɓata fuska ba. Muka gaisa, ya tambayi lafiyar mahaifina. Na fara yi masa bayanin mujalla da mai dubawa da kwamiti, ina ta zuba, shi kuma yana kallon tirelar don kada layi ya wuce shi. Ya bari na kai aya, sannan ya ce, "Malama, ni duk wannan ban san shi ba. Abu ɗaya zan tambaye ki. An buga takardar? Manya sun karanta?"

Na ce, "Ba a buga ba, Baba."

"Ba za a buga ba?"

"Ba za a buga ba."

Ya jinjina kai. Ya ce, "To, ashe manaja kaɗai ya karanta."

Na buɗe jaka zan ba shi kuɗi, ya ɗaga hannu ya ce in bari. Wani daga saman tirelar ya daka masa tsawa, ya ce in hira zai yi ya ba wasu wuri. Ya juya ya sunkuya, aka ɗora masa buhu a baya, ya shige cikin siton yana tari.