Ranar da na ƙi rubuta Suleja

Ƙarshen shekarun saba'in, ina gaban akawu ina neman izinin gina ɗaki a unguwar Wambai kafin damina, sai ya turo mini takardata.

"Samari, ka rubuta Abuja. Yanzu Suleja muke, an ba sabon birni sunanmu."

Lokacin bakina ba linzami. Na ce, "Malam, a Abuja aka yanke mini cibiya. Dajin can ya nemi nasa sunan."

Ya ce, "To, ruwa ya same ka a waje."

Na gyara ina huci. Ya buga hatimi, na duba, Abuja ne a jiki.

Ya rage murya. "Sabon hatimin bai iso daga Minna ba. Ni ma ban matsa musu ba."

'Yan garinmu, wa ya tuna lokacin da mu ne Abuja?