Ranar da Aka Cire Esin Ɗakin Saba

Shekara goma sha ɗaya Abdulrauf Tanimu yana aiki a ofishin wata ƙungiyar manoma a Lafiya, amma har yau rabin ma'aikatan ba su san me yake yi ba. Wasu sun ɗauka mai gyaran firinta ne, wasu kuma waya suke miƙo masa in ta ƙi caji. Ɗan mai gyaran rediyo ne, tun yana ƙarami ya saba da zama shiru kusa da abu mai ƙugi.

Ainihin aikinsa kula da saba ne, wato babbar kwamfutar da ke wata ’yar ƙuryar ɗaki a ƙarshen baranda. A cikinta hotunan takardun gonakin manoma dubu huɗu suke, da taswirar iyakar kowa. Shi ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, kuma Allah ya taimaka ya gama kafin gara ta cinye na ainihin a sito. Faifan da yake ajiye kwafi na biyu ya mutu tun bara. Ya rubuta takardar neman sabo sau biyar, kullum amsar ita ce ana dubawa.

A watan Maris aka zaɓi sabon ciyaman, Alhaji Sha'aibu. Kowa ya san yadda ake yi: sai an yi mako biyu ’yan taya murna na tururuwa, daga Azuba, daga Obi, da kaji da doya. Ga zafi kamar bakin murhu, ga esin ofishin ciyaman, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya lalace. A duk ginin guda ɗaya ne ke aiki, na ɗakin saba. Sai Alhaji ya ce a ciro shi a kai ofishinsa.

"Ranka ya daɗe, in aka cire, zafi zai kashe sabar," in ji Abdulrauf.

Alhaji ya yi dariya, ba da mugunta ba. "Haba injiniya! Mutane na zufa, inji na shan sanyi? Aro ne, sati biyu kawai."

To, wa zai ja da ciyaman a makon murnarsa? Abdulrauf ya nemi a bar shi ya kashe sabar har a dawo da esin, aka ce rajistar taki ba za ta tsaya ba. Ya ɗauko fankar ɗakin matarsa Muhibbat ya kafa, ya bar ƙofa a buɗe, yana ta taɓa jikin ƙarfen da bayan hannu kamar mai jinya. Takaici ya ishe shi, don ya san abin da ke zuwa, ya san maganinsa, ga maganin can yana busa wa baƙi masu shan lemo.

Ran kwana na tara, da azahar, sabar ta yi wani ƙas-ƙas, ta ɗauke. Ya gwada duk abin da ya sani. Wani abokin sana'arsa ya duba faifan da ke cikinta, ya girgiza kai kawai.

Ranar Litinin Baba Iorkyaa ya iso daga wajen Obi, tsoho mai gonar doya, wanda maƙwabci ya ci masa iyaka. Laraba za a zauna a kotu, kuma tasa takardar ta ƙone da ɗakinsa shekara uku da suka wuce.

"Yaro na, ka ba ni pepa na gona. Sun ce yana cikin kwamfuta, ba ya ɓata."

"Baba, injin ya samu matsala."

"Ba wahala, zan jira." Tsohon ya zauna a benci, ya jingine sandarsa. "Ka duba da kyau fa. Gona na yana bakin rafi, akwai mangwaro uku. Baba na ne ya shuka."

Abdulrauf ya ja kujerarsa. Sai ya juya ga baƙin allon, ya ɗora yatsu a kan madannai, ya fara dannawa a hankali kamar mai nema, tsohon na leƙowa ta kafaɗarsa.