Shari'ar Kananzir a Bakin Gada

Ranar wata Laraba ce cikin watan Fabrairu, ƙarfe bakwai na safe, a bakin gadar kanal ɗin ban ruwa ta garinmu, kusa da Kadawa. Akwai mai unguwa, da kawuna manomin tumatir, da wani mutumin Filato da ya daɗe yana sayar da mai a wajen, sai 'yan lodin kwanduna da suka ajiye aiki don kallo. Ni kuma na zo hutu daga gidan rediyo.

Ranar Talata da azahar rishon matar kawu ya yi bindiga ya cinye zanan madafa. Kawu ya ce an gauraya kananzir ɗin da fetur, don haka a kori mai man daga bakin gada.

"Baba, a gwada," in ji mai mai.

Aka tsiyayo daga jarkar kawu cikin murfin gwangwani, aka ƙyasta ashana aka gitta ta sama. Shiru. Aka sake, shiru. Mai unguwa, wanda sanyi ya dama, ya ja mayafi zai sallami taro.

A nan na sa baki. Na taɓa hira da wani jami'in kashe gobara, ya bayyana mini cewa tururin mai ne ke kama wuta, kuma kowane mai da irin zafin da yake bukata kafin tururinsa ya tashi. Fetur ko cikin sanyi kamawa yake yi, kananzir kuwa sai ya ɗumama sosai. Idan gaurayen kaɗan ne, sai ya yi lamo da safe, ya tashi da rana. Na faɗi wannan da muryar karanta labarai. Kawu ya dube ni da alfahari.

"Kun ji amfanin boko! Ɗana, Allah ya yi maka albarka."

Mai mai kuwa ya dube ni kamar na taka masa ƙafa a kasuwa. Ya ce ya yarda a dawo da rana, amma a gwada na duronsa ma.

Bayan azahar muka taru. An bar murafe biyu, ɗaya da kananzir ɗin duro ɗaya da na jarkar kawu, a rana a kan simintin gada. Aka fara da na duro, ashana ta ci har ta mutu ba abin da ya faru. Kawu ya karɓi ashanar ya sunkuya kan nasa. Fau! Wuta ta tashi ta lashe gefen gemunsa, ta mutu nan take.

"Alhaji, yau ka huta da wanzami!" in ji wani ɗan lodi.

Mai mai ya ɗauki jarkar ya sansana.

"Baba, ba wannan ce kake zuwa da ita sayen fetur na injin ban ruwa ba?"

"Ita ce. To ai ɗan abin da ya rage a ƙasa bai kai kofin shayi ba. Zubarwa zan yi a wannan tsadar?"

Mai unguwa ya ce Allah ya kiyaye gaba, aka shafa.

Mai mai yana nan a bakin gada har yanzu. Kawu ya koma sayen kananzir a kasuwar Bunkure, kuma da tumatir ya nuna bai aiko mini da kwandon da ya saba aikowa ba.